Kunnen Cataldo da Waƙar Comasia

A garinmu idan ka tambayi gidan Cataldo Semeraro sai an ce maka wanne, domin su uku ne masu sunan. Amma in ka ce Kunne kake nema, duk wanda ka tara zai nuna maka gangaren bayan coci, gida mai koren ƙofa da tukwanen barkono a bakin taga. Shekara talatin da tara ya yi a hukumar ruwa, kuma aikinsa guda ɗaya ne tak: ya bi titi yana sauraren ƙasa har ya gano inda bututu ya tsage. Ƙasarmu farin dutse ce mai kogo-kogo. Ruwa in ya kufce ba ya ɓullowa sama a gan shi, nutsewa yake yi ya tafi abinsa, sai dai a wayi gari famfon mutanen tudu yana tari babu ko ɗigo. To a nan ake aika wa Cataldo.

Yana ɗan shekara ashirin da biyu ya fara, da wata doguwar sandar katako da aka sassaƙa wa kai kamar ƙoƙo. Sai ya kafa gindinta a kan murfin ƙarfe ko dutsen daɓe, ya manna kunne a ƙoƙon, ya lumshe ido. Yakan ce bututun ƙarfe in ya tsage fito yake yi siriri, na darma gunaguni, na roba kuwa da ya zo daga baya munafuki ne, raɗa yake yi. Bayan wasu shekaru hukuma ta sayo na'ura: ɗan faranti da ake ajiyewa a ƙasa, da akwati na ratayawa a wuya, da hedifon babba mai rufe kunnuwa biyu ruf. Ya karɓe ta hannu biyu, domin ba ta ƙara wa sauti komai, ba ta kuma rage masa. Abin da ke ƙarƙashin ƙasa shi take kawo maka, da daɗi ko babu daɗi.

Bayan abincin rana yake fita, lokacin da gari ke ja tagogi ya kwanta, babu mota babu babur, ko karnuka sun nemi inuwa. Yana tafe a hankali, a bayansa Graziano mai haƙa yana tura baro da diga da shebur. Sa'o'in juna ne, tare suka yi makaranta, kuma a duk ma'aikatan hukumar babu mai surutun Graziano. Shekara talatin Cataldo yana ɗaga masa hannu ya yi shiru, shi kuma yana cewa, "Ni ban ce komai ba, cikina ne ke magana." Inda Cataldo ya duƙa ya zana da'ira da alli, nan Graziano zai sara, kuma kafin ramin ya kai gwiwa za ka ga ƙasa ta jiƙe. Har mutane suka daina mamaki. Aka riƙa ce masa Mastro, kamar yadda ake ce wa duk wanda ya gwanance a sana'arsa.

Matsalar ita ce kunnen ba ya tashi daga aiki. Ranar bikin waliyyin gari, idan 'yan badujala suka hau dandali da ƙahonninsu, kowa na jin kiɗa, shi yana jin mai busa na biyu daga hagu ya makara, ganga ɗaya fatarta ta saki. Ba mugunta ba ce. In an tambaye shi sai ya faɗi abin da ya ji, yadda zai faɗa wa injiniya cewa ga inda yoyo yake. Sannu a hankali aka daina tambayarsa. Yana da faya-fayan garmaho jere a kanta, yana goge su duk ranar Lahadi, amma in ya ɗora ɗaya zaune yake kamar mai jiran ɓarawo.

Matarsa Comasia ɗiyar mai gasa burodi ce, doguwa, mai saurin hannu da saurin dariya. Kafin aurensu duk wanda ya bi ta layinsu da safe ya san muryarta, domin ba ta iya murza ƙullu bakinta a rufe. A shekara ta biyu da aure, cikin watan Agusta, dangi suka taru a tsakar gidan iyayensa ana dafa tumatirin shekara ana ɗurawa a kwalabe. Mata na yanka, maza na hura wuta a ƙarƙashin tukunya, Comasia na waƙa sauran suna amsawa. Da ta kai ƙarshe sai wata gwaggonsa ta juyo ta ce, "Kai mai kunne, yaya ka ji amaryarmu?"

Cataldo yana riƙe da itace ya ce, "Muryar tana da kyau. Sai dai duk lokacin da za ta hau sama ba ta ƙarasawa, saura kaɗan take tsayawa. Kamar famfon da robarsa ta cinye."

Aka kwashe da dariya. Comasia ma ta yi, har ta jefe shi da ƙwallon tumatir. Aka ci gaba da aiki. Daga wannan rana bai sake jin ta rera ko baiti ɗaya ba. Ya lura da shirun, amma sai ya ɗauka haihuwa ce da hidimar gida suka ɗauke mata, domin a shekarar aka haifi 'yarsu Ilaria. Ba su yi faɗa ba, ba ta canja masa fuska ba. Duk Lahadi tana murza masa taliyar nan mai siffar kunne, ta ajiye masa faranti ta ce, "Ci 'yan'uwanka." Haka suka yi shekara talatin da biyar, zama mai daɗi a ganin kowa, har da shi.

Ana saura shekara biyu ya yi ritaya, wata Talata a cikin Yuli, aka tsara za su je wani ƙauye can wajen gonakin zaitun. Ya gaya wa Comasia kada ta jira shi sai yamma. Suna isa ofis aka ce an sake shawara, ruwa na ɓata a gangaren bayan coci, su fara da can. Graziano ya ce, "Yau za mu haƙa ƙofar gidanka, in na gaji Signora uwargidanka ta ba ni kofi."

Suka faro daga saman layi. Rana ta take, bango fari fat yana mayar da zafi. Cataldo na ajiye faranti, ya saurara, ya ɗauka, ya yi taku uku ya sake ajiyewa. Da ya zo daidai murfin da bututun gidansa ya rabu da na titi, ya ɗora farantin a kan ƙarfen, sai ya ji wani abu da bai taɓa ji a bututu ba. Ba fito ba ne, ba gunaguni ba. Abin yana hawa yana sauka, ya tsaya ya ja numfashi, ya ci gaba. Ya ɗan ɗauki lokaci kafin ya gane. Comasia ce a bakin wurin wanke-wanke, famfo a buɗe, tana waƙa, ƙarfe ya ɗauko muryar ya biyo da ita ta cikin bango har titi.

Babu kalma ɗaya da ta fito. Bututu ya cinye kalmomin, ya cinye kaifin muryar, abin da ya rage kamar mutum na waƙa da bakinsa a cikin tulu. Da injiniya ne ya ji sai ya ce hayaniya ce kawai. Cataldo ya nemi wurin da take gazawa in za ta hau sama, domin kunnensa ya saba, bai same shi ba, ƙarfen bai kawo wannan ba. Abin da ya kawo shi ne yadda take jan baiti a hankali kamar ba ta so ya ƙare, da yadda take sakin murya gaba ɗaya, irin sakin wanda ya tabbata babu mai jin sa. Yana tsugune a rana, gumi na bin wuyansa, bai motsa ba.

Graziano ya jingina da baro ya gaji. "Mastro, barci kake ko addu'a? Ina zan sara?"

Cataldo ya miƙe bai dube shi ba, ya yi gaba taku shida, ya zana da'ira. Graziano ya sara har ramin ya kai ƙugu, ƙasa a bushe ƙamas. Ya fito ya zauna a bakin ramin yana duban abokinsa.

"Shekara talatin ina jiran wannan rana," ya ce. "Na ɗauka in ta zo zan yi rawa. Lafiyarka kuwa?"

"Lafiya lau. Cike ramin. Yoyon yana can ƙasa, gaban gidan mai ɗinki."

Can ɗin kuwa yake.

Da yamma da ya koma gida ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa kunne. Shiru. Ya shiga ya tarar da ita tana gyaran wake, ta ce, "Na ji an ce kun yi rami a banza a layinmu. Tsufa ne?" Ya ce wataƙila. Ya so ya faɗa mata, ya rasa ta ina zai fara. Ranar Lahadi da Ilaria ta zo da ɗiyarta, ya ja ta gefe wajen tukwanen barkono ya tambaye ta ko ta san mahaifiyarta na waƙa.

Ilaria ta dube shi kamar ya tambaye ta ko teku na da gishiri. "Baba, kowa ya sani. Da waƙarta na tashi. Tana yi da matan da ke sharar coci, tana yi wa jikarka. In ta ji mabuɗinka a ƙofa ne take dainawa."

"Tun yaushe?"

"Tun da na yi wayo. Ni na ɗauka kai ne ba ka so."

Ya tsinke busasshen ganye ɗaya daga barkonon ya riƙe a hannu. Sau biyu bayan wannan ya biyo da na'urarsa ta layin ba tare da an aike shi ba, sau ɗaya ya dace, sau ɗaya bai dace ba. Daga nan ya bari, domin abin ya yi masa kama da laɓe, kuma shi ba mutumin laɓe ba ne.

Da ya yi ritaya, ya mayar wa hukuma na'urarta, Ilaria ta ce za ta saya masa hedifon na jin kiɗa, tunda yanzu yana da lokacin faya-fayansa, amma shi zai zaɓa da kunnensa. Wata Asabar da safe ta ɗauke shi a mota suka tafi birnin Taranto, wani ɗan shago a lungu mai sayar da kayan sauti. Mai shagon wata dattijuwa ce, Signora Lucrezia, gajera mai tabarau rataye a wuya, wadda ta gaji sana'ar daga mijinta. Ta zaunar da shi a kujera, ta tambaye shi irin kiɗan da yake ji da irin aikin da ya yi. Da ya gaya mata sai ta yi murmushi ta ce, "To yau na samu wanda ba zan iya yi wa daɗin baki ba."

Ta fito da guda biyu. Na farko baƙi ne, mara ado, ta ce irinsa masu haɗa sauti a ɗakin ɗaukar waƙa suke sawa don su kama kuskure. Na biyu yana da marfin katako da matashi mai laushi, ta ce wannan na zaman gida ne. Ta sa masa kiɗan badujala. Da ya sa baƙin sai fuskarsa ta saki, kamar ya haɗu da tsohon abokin aiki. Yana jin kowane mai busa a inda yake zaune, yana jin mai sarewa na jan numfashi, har takarda da wani ya juya. Ya sa na katakon bai yi minti ɗaya ba ya cire.

"Wannan ya cika ƙarin gishiri," ya ce. "Ya kumbura ganga, ya danne siraran sautuka na sama. Takardar da aka juya ma ta ɓace."

"Haka ne," in ji Signora Lucrezia. "Takardar kake son ji?"

"Tana wurin, ai. In tana wurin a ji ta."

Ya miƙa mata baƙin alamar ya gama zaɓe. Sai Ilaria ta ciro wayarta ta ce, "Baba, gwada da wannan tukuna." Ta ce wata rana ce ta ajiye wayar a kan tebur ta ɗauki mahaifiyarta tana lallashin jika, ita ba ta sani ba. Signora Lucrezia ta jona wayar, ta mayar masa da baƙin a kai.

Karon farko ke nan cikin shekara talatin da bakwai da ya ji kalmomin a bakinta. Ya ji komai. Firiji na gurnani a kusurwa, ƙafar kujera na ƙara, yarinyar na tsotsar yatsa, babur ya wuce a titi. Muryar ta tsufa, ta yi ɗan kaushi, numfashin ya gajarta. Da ta zo hawa sama ta tsaya saura kaɗan, daidai inda take tsayawa tun tana amarya. Ya ji bakinsa na shirin faɗa, kamar yadda ƙafa ke shurawa in likita ya buga gwiwa. Ya cire hedifon ɗin da sauri.

Signora Lucrezia ta miƙa masa na katakon. Ilaria ta sake sa waƙar daga farko. Firijin ya ja baya, babur ɗin ya zama abu mai nisa. Muryar ta matso, ta yi kauri da ɗumi, kamar Comasia na tsaye a bayan kujerarsa hannunta a kafaɗarsa. Wurin gazawar yana nan, bai ɓace ba, amma ba shi ne a gaba ba. Abin da ke gaba mace ce tana lallashin jikarta. Ya saurara har ƙarshe, ya ce a sake. Ilaria ta juya tana duban wasu wayoyi da ke rataye a bango.

Da ya cire ya daɗe yana juya shi a hannu. "Signora, wannan ƙarya yake yi."

"Me ya faɗa maka da babu shi?"

Ya yi tunani. "Babu. Amma ya ɓoye wasu abubuwa."

"Wancan a gaban bakin mai waƙa yake zaunar da kai da fitila a hannu. Wannan a gefenta yake zaunar da kai. Duk ɗaki ɗaya ne, Mastro. Ni na sayar da wancan ga mutanen da ake biya su nemo aibi. Kai har yanzu ana aikenka neman aibi?"

"Na yi ritaya wancan watan."

"To."

Ya sake sa baƙin, ya sake sa na katakon, sau uku yana musanyawa, har Ilaria ta fita ta sha kofi ta dawo. Abin da ke damunsa shi ne duk rayuwarsa bai taɓa zaɓar abin da ya san ya kasa wani wajen gaskiya ba. Da ƙyar ya ce a naɗe masa na katakon, yana faɗa yana kallon ƙasa kamar wanda aka kama da laifi. A hanya, da suka fara hango hasumiyar cocinmu, ya ce wa Ilaria ta sa masa waƙar a tasa wayar.

Kwana goma yana zama bayan abincin rana a kujerar bakin taga, hedifon a kai, ido a rufe. Comasia ta ɗauka badujala yake ji. A rana ta goma sha ɗaya ta zo ɗaukar kofinsa ta ga fuskarsa, ta tsaya.

"Wane kiɗa ne ya mayar da kai haka? Kai da ko a jana'iza lissafin masu busa kake yi."

Bai ɓoye ba. Ya cire ya ɗora mata a kai. Ta yi tsaye da kofi a hannu, ya ga lokacin da ta gane, domin wuyanta ya yi ja har kunne. Ta saurara zuwa rabi ta cire.

"Ilaria ce," ta ce. "Za ta gamu da ni."

"Ni na roƙe ta. Kuma tun kafin nan na ji ki. Ranar da muka yi rami a banza." Ya ba ta labarin bututun, yana yi yana tuntuɓe da kalmomi. Ta zauna a hannun kujera tana ji. Da ya gama ya ce, "Maganar da na yi ranar tumatir. Ban san ta kai haka ba."

"Ka tuna ta ashe."

"Sai daga baya."

Ta ajiye kofin. "Cataldo, na san ba na ƙarasawa. Tun ina 'yar shekara goma sha biyu na sani, malamar coci ta gaya mini. Ba abin da ka faɗa ba ne. A gaban gwaggonninka ka faɗa, da famfo ka kwatanta ni, kuma ko ɗaga kai ba ka yi ba daga wutar da kake hurawa. Na ce to, mutumin nan in ina waƙa aiki nake ba shi. Sai na hutar da kai."

"Shekara talatin da bakwai?"

"Da farko fushi ne. Daga baya ya zama sabo. Ka san yadda abu yake." Ta ɗauki hedifon ɗin ta sake kara shi a kunne ɗaya, ta yamutsa fuska. "Amma wannan abin naka makaryaci ne. Ni ba haka muryata take ba. Ya shafa mini man zaitun."

Ya yi dariya, irin wadda ta daɗe ba ta ji ba. Ya ce akwai wani hedifon a shagon wanda ba ya shafa wa kowa komai, har firiji yake kawowa. Sai ta ce matan coci sun daɗe suna damunta ta shiga ƙungiyar da za ta yi waƙa ranar biki, tana ƙi, domin ba ta taɓa jin kanta yadda wasu ke jin ta ba. In akwai abin da zai gaya mata gaskiya ba tare da ya sa an yi mata dariya ba, tana so.

Asabar ta gaba su biyu suka hau bas zuwa Taranto. Signora Lucrezia ta gan su ta cire tabarau ta ce, "Mastro, ka dawo da shi?" Ya ce a'a, mai muryar ya kawo, ita baƙin take so. Matan biyu suka dubi juna suka yi dariya, ba su gaya masa dalili ba.

Haka gidan ya zama da hedifon biyu, kowa da nasa. Comasia takan shige ɗaki ta ja ƙofa, ta ɗauki kanta a waya, ta sa baƙin ta saurara tana tsaki, ta sake. Shi yana bakin taga da nasa. Ba rana ɗaya ta fara waƙa a gabansa ba. An fi wata huɗu kafin wata safiya tana shanya ta ci gaba da baitin da take yi duk da ta ga ya fito tsakar gida. Ya wuce ya shayar da barkononsa kamar bai ji ba, ita ma ta yi kamar ba ta gan shi ba. Ranar biki ta tsaya a layi na biyu cikin mata goma sha huɗu, an ba ta muryar ƙasa, inda ba a buƙatar hawa. Cataldo ya zauna kusa da Graziano, wanda ya yi ta zungurinsa yana cewa, "Faɗi mana, wa ya makara?" Ya ce masa ya bar shi ya ji waƙa.

Ba wai kunnen ya daina aiki ba. Har yau in famfon maƙwabci na ɗiga shi ke fara sani, kuma sabbin ma'aikatan hukuma sukan zo su ɗauke shi in wani layi ya gagare su. Faya-fayansa kuwa ya bi su ɗaya bayan ɗaya daga farkon kanta, ya ce wasu kamar bai taɓa jin su ba. Akwai guda biyu da ya ce ko da na katakon ba su jiyuwa, ya bai wa Graziano.

A shekara ta huɗu da saye, matasan hedifon ɗinsa suka fara ɓarewa, baƙin burbushi na manne masa a kunne. Ya hau bas ya je neman sababbi, ya tarar shagon ya koma wurin sayar da gilashin ido. Mai wurin ya ce Signora Lucrezia ta rufe ta koma wajen ɗanta a arewa. Ya dawo da abinsa a leda ya ajiye a kan tebur. Comasia ta juya shi ta duba, ta buɗe akwatin ɗinkinta ta ciro ƙyallen karammiski ruwan toka, ragowar wata tsohuwar rigar sanyi, ta auna ta yanka. Kafin ya gama cin ɓaurensa ta ɗinke riga biyu ta sa wa matasan.

Ya gwada. Ta tsaya da allura a hannu tana jira.

"Ya ƙara dushewa kaɗan," ya ce. "Na sama sun ja baya."

"In kwance?"

"A'a, bar shi. Ya fi ɗumi a kunne, ga hunturu na zuwa."

Ta tattara zarenta, ta ce ya tashi daga kan teburin za ta murza taliya.